Jingle Bells: Tambayoyi da Amsoshi kan Waƙar da Ba Ta Ambaci Kirsimeti Ba

Da zarar Disamba ya kama, akwai wani ɗan kari da kunne ba ya tsere masa. Yana fita daga fitilun ado masu walƙiya da ake sayarwa a kasuwa, daga motar wasan yara mai batir, daga tallan rediyo, daga bakin 'yan nazare ranar bikin rufe makaranta. Ko wanda bai iya Turanci ba, in aka buga masa, zai ce ai ya taɓa ji. Sunan waƙar Jingle Bells, shekarunta kuwa sun haura 160. Ga tambayoyin da aka fi yi game da ita.

Shin waƙar addini ce?

A'a. Baitoci huɗu gare ta da amshi ɗaya, kuma daga farkonta har ƙarshe babu inda aka ambaci Annabi Isa (AS), ko Maryamu, ko Baitalami, ko coci. Kai, ko kalmar Kirsimeti ba ta ciki, haka ma watan Disamba. Waƙoƙin ibada na wannan biki daban suke, irin su Silent Night da aka fara rerawa a wani coci a ƙasar Ostiriya a 1818, wadda ke magana kai tsaye kan haihuwar Almasihu. Jingle Bells waƙar hunturu ce ta nishaɗi. Daga baya ne zamani ya ɗauke ta ya jingina ta da bikin.

To me take cewa?

Yawancin mutane baitin farko da amshi kawai suka sani, kuma nan ne wuri mafi natsuwa a waƙar: ana gudu a kan dusar ƙanƙara cikin buɗaɗɗen keken sulɓi da doki ɗaya ke ja, ana dariya, ƙararrawa na kaɗawa. Keken sulɓin nan ba shi da taya. Ƙarafa biyu ne dogaye a ƙarƙashinsa, su ke zamewa a kan ƙanƙarar.

Daga baiti na biyu labari ya canja. Saurayi ya ɗauko wata budurwa mai suna Fanny Bright ya zaunar da ita a gefensa. Dokin nasa ramamme ne, marar sa'a, ya afka da su cikin tarin ƙanƙara, keken ya kife. A baiti na uku saurayin ya fita da ƙafa, santsi ya kwashe shi ya faɗi rigingine, wani mai keke ya zo wucewa ya tuntsire masa da dariya, ya yi gaba abinsa bai ko miƙa masa hannu ba. Baiti na huɗu shawara ce ga samari: ku ci zamaninku tun kuna da ƙuruciya, ku ɗauki 'yan mata a daren nan, ku nemi doki mai gudu, ku tsula masa bulala ku shige gaban kowa. Har saurin dokin an faɗa: mil ɗaya cikin minti 2 da daƙiƙa 40, wato wajen kilomita 36 a awa, wanda a lokacin gudu ne na a zo a gani ga dokin da ke jan keke.

Duk wanda ya taɓa ganin samari 'yan kilisa da yamma, an ci ado, ana sukuwa don a burge 'yan kallo, ya fahimci ruhin waƙar. Akwai kuma wani abu da mutanen wancan zamani ke ganewa ba sai an faɗa ba. A arewa maso gabashin Amurka na shekarun 1850, ba kasafai ake barin saurayi da budurwa su keɓe ba tare da wani babba ba, ƙaramin keken kuwa mutum biyu yake ɗauka. Ba mamaki da makarantun yara suka yar da sauran baitocin suka riƙe na farko.

Me ya kawo ƙararrawa a jikin doki?

Tsaro ne kafin ya zama ado. Keken sulɓi ba ya ƙara a kan dusar ƙanƙara, kofaton doki ma ba a jin sa sosai, ga shi tsayawa da wuya. Mai tafiya a ƙasa ko wani keke a kwana ba zai san ana zuwa ba sai an iso shi. Saboda haka ake ɗaura ƙananan ƙararrawa a kayan dokin. A jihar Massachusetts doka ce ma, kuma har yau tana cikin kundin dokokin jihar: ba a hawa hanya da irin wannan keke sai da ƙararrawa aƙalla uku a jikin kayan dokin.

Wa ya rubuta ta?

James Lord Pierpont, wanda aka haifa a Boston a 1822, ya rasu a Winter Haven ta jihar Fulorida a 1893. Ɗan babban gida ne, amma shi ne ɗan da ya ƙi zama wuri ɗaya.

Mahaifinsa, John Pierpont, sanannen fasto ne na cocin Unitarian, marubucin waƙoƙi, kuma mai zafin adawa da bauta da shan giya. 'Yar'uwar James mai suna Juliet ita ce mahaifiyar J. P. Morgan, attajirin bankin nan da har yau ake kiran wani babban banki da sunansa. Wato marubucin Jingle Bells kawun J. P. Morgan ne, sai dai arzikin bai biyo ta ɓangarensa ba.

Yana ɗan shekara 14 ya gudu daga makarantar kwana ya shiga jirgin ruwan masu farauta a teku, daga nan ya yi aikin sojan ruwa. Ya dawo ya yi aure ya haihu. Da labarin zinariya ya ɓarke a Kalifoniya a 1849, sai ya bar matarsa da 'ya'yansa wurin mahaifinsa ya bi ayari. Bai tono arziki ba. Sana'ar da ya kafa a San Francisco gobara ta cinye, ya dawo hannu rabbana. Daga nan ya koma rubuta waƙoƙi yana sayar wa gidajen wasa na Boston. Matarsa ta farko, Millicent, ta rasu a 1856. A 1857 ya auri Eliza Jane Purse a birnin Savannah na jihar Jojiya, 'yar Thomas Purse wanda daga baya ya zama magajin garin. A can yana kaɗa ogan a cocin da ɗan'uwansa ke jagoranta.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne abin da ya biyo baya. Cocin ya rufe a 1859, domin koyarwar ƙin bauta ba ta da kasuwa a jihohin Kudu na Amurka, ɗan'uwan nasa ya koma Arewa. James ya zauna. Da yaƙin basasa ya tashi a 1861, ya shiga rundunar doki ta 'yan awaren Kudu masu kare bauta, ya yi aikin akawu a cikinta, ya kuma rubuta musu waƙoƙin zuga. A daidai lokacin, tsohon mahaifinsa mai shekara 76 ya miƙa kansa ya zama faston sojojin Arewa. Uba a wannan sahu, ɗa a wancan. Bayan yaƙi James ya ci gaba da koyar da kiɗa a garuruwan Jojiya. Kabarinsa na maƙabartar Laurel Grove a Savannah.

Yaushe ya rubuta ta, kuma a wane gari?

Abin da takarda ta tabbatar shi ne: kamfanin Oliver Ditson na Boston ya buga waƙar a watan Satumba na 1857 da sunan The One Horse Open Sleigh. A 1859 aka sake buga ta, aka sa Jingle Bells a gaban sunan.

Garuruwa biyu ke jayayya a kanta. Medford, kusa da Boston, ta kafa allon tarihi a titin High Street da ke cewa a wata mashaya mai suna Simpson Tavern Pierpont ya tsara waƙar a 1850, yana kwaikwayon tseren kekunan sulɓi da ake yi a titin Salem na garin. Savannah ita ma ta kafa nata allon a dandalin Troup Square, hujjarta kuwa ita ce a garinsu mutumin yake zaune a shekarar da aka buga waƙar.

Da'awar Medford tana da rami babba. Kyna Hamill, malama a Jami'ar Boston da ta bi takardun rayuwar mutumin, ta nuna cewa a 1850 yana Kalifoniya yana neman na kansa, nesa da kowace mashaya ta Medford. Ta Savannah kuwa, masu yi mata ba'a kan ce garin ba ya ganin dusar ƙanƙara sai jefi-jefi. Wannan ba hujja ba ce, domin mutum na iya zama cikin zafi ya yi waƙar sanyin garinsu. Ita Hamill ta fi karkata ga cewa a Boston aka rubuta ta, dab da lokacin da aka buga ta. Allunan biyu dai suna nan daram, ba wanda ya cire nasa, kuma da wuya a cire: baƙi na zuwa ɗaukar hoto.

Gaskiya ne don yaran coci aka yi ta, a bikin Ranar Godiya?

Wannan labari ya yaɗu sosai. Ana cewa Pierpont ya rubuta ta ne don 'yan makarantar Lahadi su rera a Ranar Godiya ta Amurka da ake yi a Nuwamba, ta yi daɗi aka maimaita ta a Kirsimeti. Babu wata takarda ta zamanin da ta nuna haka. Kuma in ka karanta baitocin, da wuya ka ga faston da zai jera yara a gaban iyayensu su rera waƙar ɗaukar 'yan mata da dare da tseren doki. Labari ne mai daɗin faɗa da aka ɗinka wa waƙar bayan ta yi suna.

Ana cewa tana da alaƙa da wariyar launin fata. Ina gaskiyar wannan?

Akwai gaskiya a ciki, sai dai tana bukatar a auna ta da kyau, domin masu yaɗa zancen a intanet sukan ƙara gishiri.

A tsakiyar ƙarni na 19, nishaɗin da ya fi tashe a biranen Amurka shi ne wasan da ake kira minstrel. Turawa ne ke shafe fuskokinsu da baƙi, su zana manyan leɓɓa, su hau dandamali suna kwaikwayon magana da tafiya da rawar baƙar fata, ana sheƙa dariya. Ana yin wannan ne alhali miliyoyin baƙar fata na cikin ƙangin bauta a Kudu. Ɗaya daga cikin barkwancin da aka saba a irin wannan wasa shi ne na baƙin mutum da ya zo Arewa, ya ce shi ma zai hau keken sulɓi kamar Bature, ya kife a cikin ƙanƙara.

A binciken da ta wallafa a mujallar Theatre Survey a 2017, Hamill ta fito da takardar tallan wasa da ke nuna an rera waƙar a ranar 15 ga Satumba, 1857, a zauren Ordway Hall na Boston. Wanda ya rera ta ɗan wasan minstrel ne mai suna Johnny Pell. Wannan ne karo mafi tsufa da aka samu shaidar an rera ta a bainar jama'a. A bugun farko ma, Pierpont ya sadaukar da waƙar ga John P. Ordway, mai wannan zaure. Ta kuma nuna cewa waƙoƙin keken sulɓi sun yi yawa a dandamalin Boston da New York a shekarun, kuma Pierpont ya tsinto kalmomi da salo daga waɗanda suka riga shi. Mutum ne mai bukatar kuɗi da ya rubuta abin da kasuwa ke saye.

Ga abin da binciken bai ce ba. Bai ce kalmomin waƙar na zagin baƙar fata ba, domin ba su ambaci launin kowa ba, ba a kuma rubuta su da gurɓataccen Turancin da ake yi wa baƙaƙe ba'a da shi ba. Bai ce ƙararrawar cikin waƙar ita ce wadda ake ɗaura wa bayi a wuya ba. Wannan zance yana yawo a Facebook da WhatsApp duk Disamba, ba tare da hujja ba. Bai kuma ce a daina rera ta ba. Duk da haka, da labarin ya shiga kafafen watsa labarai a ƙarshen 2017, malamar ta sha zagi da barazana daga masu ganin ta taɓa musu Kirsimeti. A 2021 wata makarantar firamare a jihar New York ta cire waƙar daga jerin waɗanda take koya wa yara, aka sake tayar da ƙura.

A ganina ɓangarorin biyu duk sun yi gaggawa. Masu cewa a binne tarihin don kada ya ɓata biki suna neman a yi ƙarya ne da shiru. Masu cewa yaron da ke rera amshin yau yana aikata wariya sun ɗora masa kayan da ba nasa ba. An haifi waƙar a mummunan ɗaki, wannan gaskiya ce da ya kamata a sani, musamman ga baƙar fata. Amma ba daga wannan ɗakin ta isa duniya ba.

Pierpont ya yi kuɗi da ita?

Bai yi ba. A rayuwarsa waƙar ba ta yi wani tashe na kirki ba, kuma a lokacin babu rediyo ko faifai da za su kawo wa marubuci kaso. Takardar kiɗa ake sayarwa, mutane su kai gida su kaɗa a piyano. Karramawar da ya samu ta zo ne a 1970, shekara 77 bayan rasuwarsa, lokacin da aka sa sunansa a zauren girmama marubuta waƙoƙi na Amurka.

In ba ta ambaci Kirsimeti ba, yaya aka yi ta zama waƙar Kirsimeti?

Sai an fara sanin cewa Kirsimeti irin na yau, mai kyaututtuka da bishiyar ado da Baba Kirsimeti, sabon abu ne a Amurka lokacin da aka rubuta waƙar. A yankin da Pierpont ya taso, Kiristoci masu tsattsauran ra'ayi da suka kafa Massachusetts sun taɓa haramta bikin ɗungurungum daga 1659 zuwa 1681, har da tarar sule biyar ga wanda aka kama yana yi. Gwamnatin tarayyar Amurka sai a 1870 ta mai da ranar hutu. To a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bikin ke girma yana zama na iyali da yara da ciniki, yana kuma jawo duk abin da ya shafi hunturu zuwa jikinsa: ƙanƙara, murhu, keken sulɓi, ƙararrawa. Shi kansa Baba Kirsimeti a keken sulɓi ake zana shi. Waƙar da ke cike da waɗannan abubuwa ba ta bukatar ta kira sunan bikin kafin a ja ta ciki.

A hankali ta shiga littattafan waƙoƙin ɗaliban kwaleji da na zaman falo. Sai na'urar ɗaukar murya ta zo. An ɗauke ta a silindar Edison, wato wani irin faifai na farkon zamani mai siffar gwangwani, a 1889, amma wannan ɗaukar ta ɓata. Mafi tsufa da ta rage ita ce ta 1898, wadda wasu mawaƙa huɗu na kamfanin Edison suka yi.

Rediyo da garmaho ne suka gama aikin. Benny Goodman ya kaɗa ta da salon jaz a 1935, Glenn Miller ya biyo a 1941. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Bing Crosby da 'yan'uwan nan mata uku, Andrews Sisters, suka ɗauke ta wa kamfanin Decca, faifan ya sayu fiye da miliyan ɗaya. Lokaci ne da samarin Amurka ke warwatse a fagagen yaƙi suna begen gida, kuma duk inda sojan Amurka ya sauka, faya-fayansa da rediyonsa na biye da shi. Daga nan kusan duk mawaƙin da ya fitar da kundin Kirsimeti sai ya saka ta, daga Frank Sinatra zuwa Ella Fitzgerald.

Akwai dalilin kasuwa kuma. Kantuna da gidajen rediyo da makarantun gwamnati a Amurka suna hulɗa da Kirista da Bayahude da wanda ba ya bin kowane addini. Waƙar da ke kawo yanayin biki ba tare da ta taɓa aƙidar kowa ba ita ce ta fi musu sauƙi. Rashin addinin da ke cikinta shi ya buɗe mata ƙofofi.

Karin da muke ji yau shi ne na asali?

Na baitocin ya yi kusa, na amshin kuwa ya canja. Amshin da aka buga a 1857 ya fi hawa da sauka, ya fi kama da kiɗan da ake koya a makarantar kiɗa. Kafin ƙarshen ƙarnin bakin jama'a ya goge shi ya zama mai sauƙin da aka sani yanzu.

Sauƙin nan shi ne sirrinta. Amshin gaba ɗaya a kan sautuka biyar yake yawo, kuma bakwai na farko duk sauti ɗaya ne ake maimaitawa. Yaron da ya fara taɓa piyano yau zai iya fitar da shi da hannu ɗaya. Haka ma ɗan ƙanƙanin guntun lantarki mai arha da ake sakawa a katin gaisuwa ko fitilar ado. Masana'antar da ke neman kiɗan da za ta cusa a kayan wasa tana son gajere, sananne, wanda ba sai ta biya kowa ba. Shi ya sa za ka ji motar wasan yara na rera ta a watan Mayu, a gidan da ba a taɓa yin Kirsimeti ba.

Da gaske an kaɗa ta a sararin samaniya?

Ƙwarai. A ranar 16 ga Disamba, 1965, 'yan sama jannati biyu na Amurka, Wally Schirra da Tom Stafford, suna cikin kumbon Gemini 6. Kwana ɗaya kafin nan sun yi abin da ba a taɓa yi ba, sun matso da kumbonsu dab da Gemini 7 na Frank Borman da Jim Lovell a cikin falaki. Suna shirin dawowa sai suka kira cibiyar da ke kula da su a ƙasa da murya ta gaske, suka ce sun hango wani abu kamar tauraron ɗan'adam yana tafiya daga arewa zuwa kudu, da ƙananan abubuwa takwas a gabansa, matuƙinsa kuma sanye da jajayen kaya. Kafin mutanen ƙasa su gama tunani, sai suka ji kiɗa. Schirra na busa wata 'yar mitsitsiyar hamonika, wato abin busa na baki, ƙirar Hohner, Stafford na kaɗa ƙananan ƙararrawa. A ɓoye suka shiga da su kumbon. Kayan biyu yanzu suna gidan tarihin jiragen sama da kumbuna na Smithsonian a Washington.

Ana yawan cewa ita ce waƙa ta farko a sararin samaniya. Gyara kaɗan: ita ce ta farko da aka kaɗa da kayan kiɗa. Da baki kuwa, Pavel Popovich na Tarayyar Sobiyet ya riga su, ya rera waƙar mutanensa na Yukren daga kumbon Vostok 4 a 1962.

Ana rera ta da wasu harsuna?

Da yawa, kuma galibi ba fassara ake yi ba, sabuwar waƙa ake ɗorawa a kan karin. Ta Faransanci ita ce Vive le vent, wadda Francis Blanche ya rubuta a 1948. Babu doki a cikinta, babu budurwa. Iskar hunturu ake yabo, da wani dattijo mai sanda, da gaisuwar sabuwar shekara ga kaka. Wanda ya yi makarantar Faransanci a Yamai ko Garwa ko Njamena yana iya sanin karin da wannan suna, bai taɓa jin labarin Fanny Bright ba. 'Yan Suwidin na da tasu. A Ostireliya, inda Kirsimeti ke faɗowa a tsakiyar zafi, sun mai da keken sulɓin tsohuwar a-kori-kura mai tsatsa da ke ratsa daji cikin ƙura. Yaran Amurka kuma tun shekarun 1960 suke da tasu ta shaƙiyanci da ke tsokanar Batman.

Har karnuka sun yi tasu. Wani ɗan Denmak mai suna Carl Weismann, wanda aikinsa ɗaukar kukan tsuntsaye ne, karnuka suka riƙa ɓata masa aiki da haushi. Sai ya tattara haushin, ya yanyanka tef ɗin, ya jera su bisa sauti har suka fitar da karin. Faifan ya fito a 1955, ya sake tashe a Amurka a farkon shekarun 1970.

Ita ce Jingle Bell Rock?

A'a, waƙa ce daban. Bobby Helms ya fitar da ita a 1957, shekara 100 cif bayan ta Pierpont, kuma tana da masu haƙƙinta.

Ita ce waƙar Kirsimeti da ta fi kowace sayuwa?

In faifai ɗaya ake nufi, wannan kambu na White Christmas ne, wadda Irving Berlin ya rubuta, Bing Crosby ya rera a 1942. Kundin bajinta na Guinness ya ƙiyasta an sayar da kwafi miliyan 50. Ita ma ba ta ibada ba ce, marubucinta kuwa Bayahude ne da iyayensa suka yi hijira da shi daga daular Rasha yana yaro. A zamanin sauraro ta intanet, waƙar Mariah Carey ta 1994 ce ke hawa saman jadawali duk Disamba.

Ƙarfin Jingle Bells ba a jadawalin ciniki yake ba, domin ba ta da murya ɗaya da aka san ta da ita. Dubban mutane sun ɗauke ta, cinikin ya rarrabu a tsakaninsu, kuma mafi yawan inda ake jin ta babu mai ƙirgawa: aji, kanti, kayan wasa, bakin yaro. In tambayar ita ce wacce aka fi ganewa daga sautuka uku na farko a kowace nahiya, ni ita zan zaɓa.

Zan iya amfani da ita a talla ko bidiyo ba tare da izini ba?

Waƙar kanta, wato kalmomin Pierpont da karin, haƙƙin mallakarta ya daɗe da ƙarewa. Kowa na iya rera ta, ya kaɗa ta, ya canja mata kalmomi, ya juya ta zuwa Hausa, ya sayar, ba wanda zai biya ko kwabo.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne ɗaukar muryar wani. Faifan Crosby ko na Sinatra ko na wani mawaƙin zamani mallakar kamfaninsa ne, haka ma sabon tsarin kiɗa da wani ya yi mata. In ka ɗora irin wannan a bidiyonka, YouTube ko Facebook na iya kashe sautin, ko su karkatar da kuɗin talla ga mai faifan. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa mai kibod ya kaɗa maka taka a situdiyo, ko ka ɗauko daga rumbunan kiɗa da suka rubuta a fili cewa kyauta ne har ga mai kasuwanci, ka kuma karanta sharuɗɗansu kafin ka ɗora.